Ranar da Na Hutar da Dawakin Ordinata

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a ƙarshen shekarun casa'in, ina aiki a wani furoje, wato shirin raya noma, a Madarumfa. Aikina koya wa manoma kula da amalanke: a duba taya, a shafa giris, a hutar da dabba. A jere haka, ba tsallake. Wanda ya makara kuwa a tsaye yake sauraron darasina.

Ran nan manoman garin Gabi suna jirana a gindin itacen bedi. Na shiga buro, wato ofis, in ɗauki alli, na tarar da sakatarenmu Mushe Isufu (Mushe shi ne Malam a Faransanci) yana wasan yaƙin mutanen dā a ordinata, wato kwamfuta. Bagobiri ne, ni Bakatsine, don haka ba ya raga mini.

"Bawana, zo ka ga amalanken da ya fi ƙarfinka," in ji shi.

Kekunan doki ne na yaƙi, kowane da ɗan layi kore a bisa kansa. Ya ce kibiya na rage layin kaɗan kaɗan, mashi kuwa ninki yake ci. In layin ya ƙare, doki da keke da mahayi su faɗi tare.

Raina ya ɓaci. Ina aka taɓa haka? Taya ke fara lalacewa, sannan doki ya gaji, sannan mutum. Na ce ya tashi in nuna masa (ni da ban taɓa taɓa ordinata ba sai dai in share mata ƙura).

Ya ba ni kekuna biyar. Na kora su tafiya mai nisa, har bakin garin abokan gaba. A lissafina dawakin sun jigata, sai na tsayar da su, na jera su sahu.

"Waɗannan ba sa gajiya," in ji Isufu. "Ko ka afka, ko ka gudu."

"Babu dokin da ba ya gajiya."

Masu mashi suka fito. Kore ya fara komawa ja. Ko a nan ban kwashe su gaba ɗaya ba, na kama janye su ɗaya bayan ɗaya bisa tsari. Kafin na farko ya juya an gama da huɗun, shi ma aka bi shi. Ba tayar da ta fita. Tsaye suka mutu, a sahu mai kyau.

Na waiwaya in zagi mai wasan, sai ga manoman Gabi cike da ƙofa. Ashe sun gaji da jira, sun biyo sawuna, sun ga komai. Dattijonsu, Baba Nomau, ya gyara murya.

"Malam, in irin wannan hutun za ka koya mana, jakina ya ce ya yafe."

Isufu ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na koyar da darasin nan ina kallon ƙasa.

Abin da na koya: in ka shiga garin da ba naka ba, tambayi dokarsa tukuna. In girman kai ya hana ka tambaya, to aƙalla ka rufe ƙofa.