Na'urar Tuna Suruka

Ku bari in ba ku labarin wani bawan Allah da mantuwa ta yi wa katutu. Mutumin nan sai ya nemi hularsa gida duka, alhali tana kansa. Sau biyu yana barin surukarsa a tashar mota tana shan rana. Da za ta sake zuwa, ga shi sun koma sabon gida da ba ta sani ba, tsohuwar kuma ba ta riƙe waya, sai matarsa ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Maigida, gobe Inna za ta iso. Wallahi ka sake mantawa da ita, motar da ta kawo ta ita za ta mayar da mu tare."

Ya shiga neman mafita, don yana son matarsa ba kaɗan ba. Wani abokin aikinsa ya ce ya sayi 'yar na'urar nan ta aljihu da ake rubuta mata alƙawari da ɗan tsinke, lokaci na yi ta yi ƙara. Bai yi wata-wata ba ya nufi kanti.

Mai kanti ya jera masa su a kan gilashi, kowace da kamfaninta.

"Wannan batirinta na jimawa. Wannan allonta ya fi faɗi. Wannan har murya take ɗauka. Wannan ko ta faɗi ƙasa ba ruwanta."

"Wacce ta fi?"

"Duk suna da kyau, yallaɓai."

"Kai ma ka ji ka! Kowane kamfani yabon kansa yake yi. Ni jarrabawa zan yi musu."

Ya zauna ya naɗe hannun riga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa: gobe da hantsi, ɗauko suruka a tasha, gajera ce, da koriyar jaka. Da ya zo kan mai ɗaukar murya sai ya gyara zama ya kwarara mata, "Kai! Tashi ka ɗauko masifaffiyar tsohuwar nan!" Duk ya saita su su yi ta maimaitawa.

Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Wadda ta tuna mini, ita zan saya."

"To ai sai ka tafi da ɗaya."

"In tafi da ɗaya in yi son kai? A'a. Kowa ya zauna a wurinsa. Gobe zan dawo in ji sakamako."

Washegari matar ta rako shi har titi tana nanata masa tasha, tasha. Ya ce ya ji. Yana shan kwana ya ga shagon aski babu layi, ya shige, hira ta yi daɗi.

Can kanti kuwa, hantsi na yi wuri ya kaure. Wannan na ƙiƙi-ƙiƙi, waccan na kuka kamar ɗan tsako, wata na rawa a kan gilashi har ta kusa faɗowa. Mai kanti ya kashe wannan, waccan ta ɗauka. Masu sayayya suka fara kallonsa. Wata mata ta karanta allo ta riƙe haɓa.

"Haba malam! Ka bar tsohuwa a tasha kana nan kana ciniki? Ka ji tsoron Allah mana."

"Ba surukata ba ce!"

"Haka duk kuke cewa."

Kunya ta ishe shi. Ya rufe kanti ya hau babur, ya je tasha ya samo gajera mai koriyar jaka, ya kawo ta kanti ya ba ta kujera da ruwan sanyi, tunda shi ma bai san gidan ba.

Da rana ta karkata sai ga gogan naku, kai fes sai ƙamshi, yana fito. Yana ɗaga labule suka yi ido huɗu da surukarsa. Ya zube ƙasa.

"Inna! Sannunku da hanya. Yanzun nan nake shirin..."

Bai rufe baki ba mai muryar ta tashi daga cikin gilashi: "Kai! Tashi ka ɗauko masifaffiyar tsohuwar nan!"

Tsohuwa ta kurɓi ruwa. "Tun ɗazu take gaishe ni. Muryar kamar na san ta."

Mai kanti ya share gumi, ransa a ɓace. "Malam, na rufe kantina, na sha rana, an zage ni a banza. Don Allah zaɓi ɗaya ka ɗauki surukarka ku tafi. Wacce ta ci jarrabawar?"

Mutumin ya dubi na'urorin nan ya taɓe baki. Ya juyo ya ƙare wa mai kanti kallo tun daga sama har ƙasa.

"Waɗannan ihu kawai suka iya. Kai wane kamfani ne ya ƙera ka?"