Rasuwar Tsohuwa, Mota Mai Kwantacciyar Kujera

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko dai abin da ya rage a gurbinsa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, wadda mutanen gida ke kira Tsohuwa. Ajali ya riske ta ranar Talata a shataletalen kusa da ofishinmu, inda wata motar bulo ta shige ta ta baya, ba sallama. Shekararta goma sha tara a hannuna.

An shaidi marigayiyar da haƙuri. Ba ta taɓa tashi a murɗawar farko ba, ba ta kuma taɓa ƙin ta uku ba. Maƙwabta za su tuna kalamanta na kowace safiya: "kir-kir, kir-kir, gurrr."

Ta rasu ta bar makulli biyu, da tayar safaya wadda ba ta san iska ba, da maƙwabta huɗu masu turi, da makanikenta, wanda ya fi kowa maraici.

An yi saɓani a kan gawar. Makanike ya dafa bonet ya ce, "Malam, suma ta yi. Ba ni sati biyu." Ƙanina ya ce, "Yaya, karɓi kuɗin inshora ka sayi wata. Mota ce fa, ba ita ta haife ka ba."

Jami'in inshora ne ya raba gardama. Ya zagaya ta da biro yana rubuta raunuka: but, fitilu, gilashin baya. A ƙarshe ya ƙara da kujerar gaba ta mai zaman banza, wai ta karye ta kwanta. Da kujerar, gyara ya haura darajar motar, sai su biya ni su ɗauke ta. Ban da kujerar, gyara za su yi.

Kujerar lafiyarta ƙalau. Ni na kwantar da ita shekara uku da suka wuce, lokacin da nake kai matata asibiti, ba ta iya zama a miƙe. Zuwan ƙarshe ni kaɗai na dawo. Tun daga ranar, duk wanda na ɗauka a baya yake zama, ba wanda ya taɓa tambaya.

Na faɗa wa jami'in ba a karye take ba. Ya ce ai da sauƙi, in ja ƙarfen da ke gefe ta miƙe a gabansa, ya soke layin. Na buɗe ƙofar, na tsaya ina kallo. Ya duba agogo sau biyu. Sai na ari bironsa na sa hannu a takardar yadda ya rubuta ta.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, daga garejin makanike zuwa filin kamfanin inshorar, a kan motar janwe. Ba zaman makoki. Masu ta'aziyya za su same ni a tashar bas, daga bakwai saura kwata.

Ana roƙon masu ɗaukar gawa su ja ta a hankali, kada kuma kowa ya taɓa kujerar.