Ranar da Na Yi Farautar Mushen Ɓera a Kigali

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a Kigali ba, ranar da na tara baƙi daga ƙasashe daban-daban na ba su lacca a kan ɓera, alhali ba wanda ya tambaye ni.

Ni malamin gona ne a ƙaramar hukuma, haifaffen Kademi, mazaunin Gaya. Kafin wannan tafiyar, Kaduna ce iyakar nisan da na taɓa yi. Amma na daɗe ina kallon mutanen nan a waya, masu goya jaka su kama hanya su kaɗai, har abin ya shiga raina. Da hutun shekara ya zo sai na zaɓi Ruwanda, don ba ta da wahalar biza. Ana gobe zan tafi na biya Kademi yin sallama, na ajiye jakata a ɗakin Inna na wuce masallaci. Da na dawo ta dube ni ta ce, "Yanzu kai ba Hajji ba, ba fatauci ba, haka kawai za ka je kallon gari?" Na ce eh. Ta ce, "To, Allah ya tsare hanya. Allah kuma ya shirya."

A Kigali na sauka a irin masaukin nan mai araha, inda matafiya ke haɗa ɗaki, gadaje masu hawa biyu kamar makarantar kwana. Mu shida ne a ɗakinmu. Mai gidan, Madam Kulodin, mace ce mai tsaftar da har tsoro take ba ni (na ga ta goge teburin da ba wanda ya taɓa). A gadon da ke ƙasan nawa akwai wani dattijo ɗan Japan, Mista Sato, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya shiga zaga duniya. Ba ya yawan magana, sai murmushi da rusunawa.

Kwanana uku ruwan sama ya kama ni a kan babur, da jakar a bayana. Na dawo sharkaf, na kwashe kayan sawata na shanya, na cusa jakar ƙarƙashin gado. Washegari mura ta kama ni.

Ranar Laraba da safe wari ya cika ɗakin. Ni mai toshewar hanci ma sai da na ji shi. Madam Kulodin ta shigo, ta ja numfashi sau ɗaya, fuskarta ta canja. Ta ce da wannan gidan take riƙe iyalinta, in baƙi suka rubuta a intanet cewa yana wari, ta shiga uku. Wani Bature har ya fara haɗa kayansa.

A nan ne shaiɗan ya ja ni. Na gyara murya, na ɗauko Turancina na ofis, na ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Ni a gindin rumbu na girma, kuma wannan aikina ne. Mushen ɓera ne. Ya kwana uku da mutuwa." (Daga ina na samo kwana ukun? Wallahi har yau ban sani ba.) Na bayyana musu yadda ɓera ke neman lungu in zai mutu. Suna gyaɗa kai, ni kuma kaina na ƙara girma.

Na zama shugaban aiki. Aka janye gadaje, aka fitar da katifu rana, aka leƙa bayan kabad, har rufin ɗaki na sa aka haska. Jakata kuwa ni da kaina na ture ta gefe da ƙafa don kada ta tare mana hanya. Ba ɓera, ba alamarsa. Na ga mutuncin ƙwarewata na shirin zubewa, sai idona ya faɗa kan manyan takalman Mista Sato na hawan dutse. Na nuna su na ce, "To in ba ɓera ba ne, a duba waɗannan."

Bawan Allahn nan bai yi musu ba. Ya rusuna, ya bai wa kowa haƙuri, ya ɗauki takalmansa ya fita bakin famfo ya hau wankewa. Sa'an mahaifina ne fa.

Takalma sun fita, wari yana nan. Sai Madam ta ce kowa ya ɗauki jakarsa a fita tsakar gida. Na saɓa tawa na fito. Ina tafe mutane na darewa, ga wani ƙuda ya maƙale mini. Madam ta leƙa ɗakin, ta dawo, ta tsaya a gabana ta ce cikin ladabi, "Yallaɓai, ɗakin ya daina wari. Ko za ka buɗe mana taka?"

Na buɗe da ƙarfin hali, na zazzage komai. Ba komai. Ta nuna wani zif a can ƙasan jakar, wanda ni ban ma san da shi ba. Ina ja, sai ga ƙunshi a cikin tsohon ɗankwali mai ruwan goro. Ɗankwalin na fara ganewa, na Inna ne. A ciki daddawa ce, curi biyar, ta sha ruwan sama ta kwana biyu a rufe. Gefenta gwangwanin kuka da na yaji.

Ni da na tashi da miyar daddawa tun ina rarrafe, na kasa gane ta, na kira ta mushe a gaban duniya. Baturen nan ya leƙo ya ce, "Wannan ne ɓeran?" Na buɗe baki, Turancin gaba ɗaya ya gudu.

Sai ga Mista Sato, hannunsa duk kumfar sabulu. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Ya ɗauraye hannu, ya tsuguna, ya shinshina ƙunshin, ya gutsuri kaɗan ya sa a baki. Ya lumshe ido. Ya ce a ƙasarsu ma suna da irinta, da waken suya ake yi, kuma marigayiya mahaifiyarsa a cikin ciyawar shinkafa take naɗe tata. Wata huɗu ke nan yana tafiya yana kewarta. Ya dubi sauran ya ce, "Wannan ba ƙazanta ba ce, abinci ne. Uwa ce ta saka wa ɗanta." Sannan ya juyo gare ni: "Ka iya dafa ta?"

Ban iya ba. Dole na kira Kademi. Inna na jin bayanina ta ce, "Au, sai yau ka gan ta? To me kake ci duk kwanakin nan?" Na ce burodi da shayi. Ta ce, "Ka ji ba. Ɗora ruwa."

Tana faɗa a waya, ina fassarawa, Mista Sato na daka daddawa da gindin kofi. Madam, da dariya ta gama cin ƙarfinta, ta tuƙa tuwon masara irin nasu. Miyar ta yi gudaji, gishiri ya ɗan zarce, amma tukunyar sai da aka suɗe ta. Har Baturen ya ƙara, yana hawayen yaji. Ba wanda ya bar gidan. Sauran daddawar Madam ta zuba ta a kwalba mai murfi, ta sake saka kwalbar a cikin wata babbar kwalba.

Da muka keɓe na bai wa Mista Sato haƙuri. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Dama takalman suna bukatar wanki."

Na ga tuddai da tafki a tafiyar nan, amma dattijon da na tozarta ya rufa mini asiri shi ne abin da na fi tunawa, kuma ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shi. Yanzu ko a motar Gaya zuwa Kano wani ya ce yana jin wari, ba na cewa uffan. Kayana nake fara lalubawa a hankali.