Yadda Na Hana Inabi Barci

Ba zan taɓa mantawa da ɗarin shekarar da aikin dam ɗin Bakolori ya doshi ƙarshe ba. Ni mutumin Bakura ne, neman abinci ya kai ni sansanin Turawan Italiya masu aikin, kusa da Talata Mafara, na zama gadina, mai kula da lambu. Idona ya ga ikon Allah a shekarun nan: mota ta ɗauki dutse kamar ɗaki, kogin da kakanninmu ke shakkar ƙetarewa an tare shi ya tsaya cik. Amma duk ba su girgiza ni kamar wasu 'yan ƙirare busassu ba.

Maigidana dattijo ne, makanike, lofe ba ya barin bakinsa, shi ya sa muke ce masa Mai Lofe. Shi ya zo da ƙiraren daga ƙasarsu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Isa direba, ɗan Maradun, shi ke mana tafinta (Italiyancinsa na tsintuwa ne, amma in an haɗa da nuni da hannu ana fahimtar juna). Isa ya ce inabi ne, daga gonar mahaifin Mai Lofe, can kan duwatsu inda ƙanƙara ke zubowa daga sama ta rufe ƙasa fari fat. Mahaifin ya rasu, an sayar da gonar, abin da ya rage masa ke nan.

Inabi! Sunan da na sha rubutawa a allo, in wanke in sake rubutawa, cikin 'ya'yan itacen Aljanna, ban taɓa jin wanda ya gan shi a ƙasarmu ba. Muka dasa su a jere, muka yi musu rumfar waya, suka kama, suka miƙe. Kusan da alwala nake shiga lambun nan. Shekara biyu ganye kawai suke yi. Ta uku ce ta haihuwa, kuma a cikinta aikin Mai Lofe zai ƙare ya koma gida. In bai ga 'ya'yan ba a wannan karon, ba zai gan su ba ke nan.

Da ɗari ya shigo zai tafi hutun Kirsimeti, ya kira ni da Isa, ya yi ta bayani yana nuna itacen. Isa ya juyo gare ni.

"Ya ce kak ka ba su ruwa ko ɗigo har ya dawo. A garinsu ƙanƙara ka sa itacen ga kwana. Nan babu ita, sai ƙishirwa ta kwantar da shi. In bai yi kwana ba, ba ya haihuwa."

Na ce to.

Ba a jima ba ganye ya fara ja, ya murɗe, ya soma zuba. Kullum in shigo in tarar da shi a ƙasa, zuciyata ta yi ta zafi. Na ce a raina, wannan Bature bai san ranar Zamfara ba. Ga ruwa tafki guda a bayanmu, ga itace mai albarka yana mutuwa a gabana, ranar gobe me zan ce? Na tuna ladan shayar da mai ƙishirwa. Sai na jawo tiyo. Da guda ɗaya na fara, don gwaji. Da na ga ya farfaɗo na bi sauran, safe da yamma. Guda ɗaya ne tak, can bayan ɗakin janareta, tiyo bai kai ba, ni kuma na yi ƙyuyar ɗaukar bokiti (iyakar tausayin nawa ke nan, tsawon tiyo).

Lambu ya yi kore shar. Ranar dawowarsa na sa rigata ta Juma'a, na kira kuku da masu gadi su zo su shaida yabon da za a yi mini. Mai Lofe ya shigo da sabon almakashi a hannu, yana murmushi. Ya ɗaga kai ya ga ganye. Lofen ya faɗo daga bakinsa. Ya taɓa ganye ɗaya, ya zauna a ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa na ɗauka na farin ciki ne, na ce wa Isa ya sanar da shi ban taɓa fashi ba, safe da yamma.

Isa ya dube ni. "Malam, ka tabbata in gaya mishi wanga zance?"

"Gaya mishi."

Ya gaya masa. Mai Lofe ya dube ni, ya yi magana a hankali.

"Mi ya ce?"

"Ya ce kai mutumin kirki ne, kuma ka kashe shi."

Kuku ya yi dariya har ya dafa bango. Ni da rigar Juma'a, tsaye cikin laka, na rasa inda zan sa fuskata. Daga ranar har aka tashi sansanin, Mai Tiyo ake kirana.

Mai Lofe bai kore ni ba. Da ya zagaya ya ga wanda na bari, tsirara ba ganye ko ɗaya, sai ya durƙusa ya sumbace shi. Ya datse rassansa har na ce ya gama da shi, sannan ya ba shi ruwa da hannunsa. Sauran kuwa ɗari ya riga ya wuce su, ganye suka ci gaba da yi.

Abin da na gani a jikin busasshen nan har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Daga kututturen da na ɗauka matacce toho ya fito, sai fure ƙanana, sai nonnan 'ya'ya kore. Suka yi ja, suka koma kusan baƙi, da wata 'yar ƙura a jikinsu kamar an barbaɗa toka. Nakan tsaya gabansa in yi ta tasbihi har in manta da shara. Da suka nuna, Mai Lofe ya yanko nono ɗaya ya sa mini a tafi. Ƙanana ne, ga ƙwallo, ga zaƙi da ɗan bauri a ƙarshe. Na yi bisimilla na ci.

Sai a lokacin Isa ya faɗa mini abin da aka so yi da su tun farko: giya, irin wadda mahaifin ke matsewa a gida duk shekara. Abin da aka samu ko ƙwarya bai cika ba, don haka cinye shi muka yi.

Da labarin ya kai ƙofar masallacinmu, dattawa suka ce Allah ne ya yi amfani da ni ya hana ɓarna. Na so in karɓi wannan yabo, wallahi na so. Amma ban san da zancen giya ba sa'ad da na jawo tiyo. Gani na yi kawai na fi wanda aka haifa a gindin itacen sanin abin da itacen ke so. Tun daga nan, in mai abu ya ce in bar masa abinsa ya bushe, hannuwana nake zubawa a aljihu, ko da tausayi na cizona.