Mataimaki Na Musamman Ya Tare a Kwamfutata

Jama'a, a taya ni murna, an naɗa mini Mataimaki Na Musamman. Ban nema ba, ba a tuntuɓe ni ba, ban ma san ranar da aka rantsar da shi ba. Ranar nan da safe na dawo daga layin mai da jarkata a bushe kamar yadda na fita da ita, na ce bari in buɗe kwamfuta in duba ko akwai gidan man da aka ga tanka ta shiga. Ina rubuta tambayata sai na tsinci kaina a wani shafi da ban taɓa gani ba, wani mutum mai farar riga yana miƙo mini kwalbar maganin ciwon baya. Na rufe shi, wani ya fito yana sayar da fili a bakin teku. Na rufe wannan, aka taya ni murnar cin waya a gasar da ban shiga ba.

Da farko ban ji haushi ba. An daɗe wani bai tambayi lafiyar bayana ba, kuma filin nan na bakin teku bai fi gidajen da aka yi mana alkawari lokacin zaɓe nisa ba.

Abin da ya hana ni dariya Auta ce, ƙaramar 'yata. Tun da ta gama karatu take zaune a gida, takardunta cikin leda a ƙarƙashin katifa, in an ji labarin aiki a ciro su, in ya bi iska a mayar. To a ƙarshe an kira ta intabiyu a Ma'aikatar Sauƙaƙa wa Jama'a, washegari da rana. Kuma tun da Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ba a taɓa ganin zaren bikin buɗe aiki da ya gagare shi yankawa ba, ya sanar cewa komai ya koma na zamani, ba a zuwa intabiyu da ƙafa. Linki ake turo wa mutum ya danna, ya ga masu tambaya su gan shi. Kyamarar wayar Auta ta tsage tun bara, kowa ya fito a cikinta sai ka ce yana cikin ruwa. Kwamfutata ce kaɗai madogara. Ta zo ta danna linkin don gwaji, sai ga mai farar riga da kwalbarsa. Ta sake dannawa, sai fili a bakin teku.

Ta ce, "Baba, me ka saka a ciki?"

Na ce, "Ni? Ni da ko hoton bango ban iya canjawa ba?"

Mamanta ta leƙo daga ƙofa, ta dubi allon, ta dube ni, ta koma ciki. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Na aika aka kira Injiniya, maƙwabcinmu mai gyaran waya da fanka da duk abin da ke da wayar wuta a jikinsa. Ya zauna, ya gyara zaman tabarau, ya shiga cikin burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ya buɗe inda ake jera ƙananan abubuwan da aka liƙa mata. Ga shi nan a tsakiya da tambarinsa mai murmushi. Sunansa da Turanci ne, amma fassararsa dai Mataimaki Na Musamman.

Na ce, "Mene ne aikinsa?"

Ya ce, "Yana tsayawa tsakaninka da inda za ka, ya karkatar da kai inda shi zai samu."

Na ce, "To ai sunan ya dace. Cire shi."

Ya danna cirewa, aka tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya mayar da shafin bincike na asali, ya goge duk abin da Mataimakin ya sauya, ya sa manhajar tsaro ta zagaye kwamfutar lungu-lungu. Muka gwada linkin, ya buɗe tsaf. Auta ta yi ajiyar zuciya, ta tafi kawo wa Injiniya ruwa. Kafin ya kai kofin baki mai farar riga ya dawo. Injiniya ya sake cirewa, ya sake dawowa. Ni dai ban yi mamaki ba. Na sha ganin wanda aka sallama da safe a rediyo, da yamma ka gan shi a kujerar gaba wajen bikin buɗe rijiya.

Injiniya ya ci gaba da tone-tone, can ya ce, "Maƙwabci, kana da wata kwamfutar ne?"

"Wannan ma da ƙyar."

"To akawun ɗinka a buɗe yake a kwamfuta biyu, kuma an haɗa su. Duk abin da aka liƙa a waccan, nan take sai ya bayyana a wannan. Muna cirewa a nan, can ana mayar da shi. Ka taɓa shiga imel ɗinka a wani wuri?"

Sai na tuna. Watannin baya na je wannan Ma'aikatar ta Sauƙaƙa wa Jama'a yin rajistar lambar gida, wadda aka ce daga ɗaki ake yi amma sai ka je da kanka. Aka ce an turo mini lambobi ta imel. Ma'aikacin ofishin, wanda duk masu layi ke kira Malam Dawo-Gobe, ya juyo mini da madannai ya ce in shiga a kwamfutarsu. Na shiga. Wani ɗan akwati ya fito yana tambayar wani abu, ya danna mini eh, ya ce na gaba ya matso.

Nan na gane wasu saƙonni da na daɗe ina samu. Wani ya rubuto yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da ni kan takardar filinsa. Wata ta ce ta gaji da yi mini sintiri. Ni kuwa duk na ɗauka masu karanta wannan shafi nawa ne, har na ji daɗi cewa rubutuna ya fara taɓa mutane.

Auta ta ce, "Baba, ai daga nan ma ana iya canja kalmar sirri, waccan ta fita da kanta."

Na ce a'a. Ba a korar hukuma daga wuri ba sallama, balle hukumar da kike neman aiki a wajenta. Zan je da safe in roƙe su cikin ladabi su fitar da ni. In rana ta take ban dawo ba, ta yi abin da ta ga dama.

Ginin ma'aikatar hawa-hawa ne, kowane ofis da kwamfutarsa sabuwa a lulluɓe da ledar da ta zo da ita, don ba a yi bikin ƙaddamar da su ba tukuna. Wadda ke aiki a duk ginin guda ce, tsohuwa, a kan teburin Malam Dawo-Gobe. Na bi layi har na iso. Ina leƙawa sai na ga hotona a ƙuryar allon, da hular da na sa ranar auren babbar 'yata.

Na ce, "Malam, barka da aiki. Wancan na sama ni ne."

Ya dubi hoton, ya dube ni. Ya ce, "Kai haba. Mu mun ɗauka ɗan kwangilar da ya kawo tsarin ne."

Yana magana mai farar riga ya fito. Ko kallonsa bai yi ba ya rufe shi, ya rufe mai fili, ya rufe mai waya, hannunsa ya saba kamar mai kore ƙuda. Na tambaye shi ko abin ba ya damunsu. Ya ce haka tsarin yake, sai an wuce waɗannan kafin a kai ga fayil. Wani ɗan'uwan Oga ne ya saka musu don aiki ya ƙara sauri, kuma kwanan nan ma wani yake ta goge shi daga nesa, suna mayarwa. An kafa kwamiti a gano ko wane ne. Ya ƙara da cewa Oga ya sayi maganin, kuma ya ce ba laifi.

Na ce ni dai alfarma nake nema, a danna wajen fita, in tafi da akawun ɗina.

Ya ce, "Tab. Wannan ai kayan gwamnati ne, Baba. Sai Oga ya sa hannu."

"Hotona ne kayan gwamnati?"

"Yana cikin kwamfutar gwamnati ko ba ya ciki?"

Gaskiya kuwa yana ciki. Na tambayi Oga, aka ce yana taro kan yadda za a rage yawan taro. Na samu benci na zauna.

Ina zaune rana ta take. Sai ga manya uku sun sauko, masinja na biye da su da kujeru da kofunan shayi. Ashe su ne masu yin intabiyu, kuma da yake kwamfutar guda ce, a teburin Malam Dawo-Gobe za a yi. Aka kori layi gefe. Babban cikinsu, Mai Girma Shugaban Duk Wani Kwamiti, ya gyara riga ya ce a kunna. Malam Dawo-Gobe ya kai hannu ke nan sai hotona ya ɓace. Auta ta cika umarni, ta canja kalmar sirri.

Ba hotona kaɗai ya tafi ba. Imel ya rufe, ɗakin intabiyun ya rufe, sunayen masu neman aikin da aka tura wa linki duk suna ciki. Ashe tun ranar da na yi rajistar lambar gida, da sunana ma'aikatar nan take aiki. Ni ke karɓar koke, ni ke cewa a dawo gobe.

Malam Dawo-Gobe ya ce, "Netwok ne, ranka ya daɗe."

Shugaba ya ce, "To sai a ɗage, har sai abin da hali ya yi." Ya fara tattara wayoyinsa.

Na san irin wannan ɗagewar, an ɗage gyaran titinmu haka tun Auta tana rarrafe. Yarinya tana can ta goge mayafi, ta zauna gaban kwamfutar da ta wanke tas, tana jiran mutanen da ita da kanta ta rufe wa ƙofa bisa umarnina. Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ba netwok ba ne. Ni ne."

Da aka gane zancen, a karo na farko a rayuwata aka ba ni kujera a ofishin gwamnati, har da mai hannu. Masinja ya miƙo mini shayin ɗaya daga cikin manyan. Malam Dawo-Gobe ya koma kirana Yallaɓai. Shugaba ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa kishin ƙasa ya wajabta mini in ba da sabuwar kalmar sirri. Na ce me zai hana ma'aikata ta buɗe nata akawun, abin da ba ya cin lokacin shan kofin shayi? Ya ce shawara ce mai kyau, za a sa ta a kasafin baɗi.

Na kira Auta. Na gaya mata yadda ake ciki.

Ta ce, "Baba, in ka ba su, zai dawo fa. Kuma akawun ɗinka ne, duk hotunanmu suna ciki."

Na ce, "Ke za ki iya shiga ba ta nawa ba?"

"Na riga na raba kwamfutar da naka, na buɗe nawa daban. Ni ba zai taɓa ni ba. Kai nake ji."

Na ce, "Karanto mini."

Ta karanto, na rubuta da hannuna. Hotona ya dawo ƙuryarsa, mai farar riga ya biyo shi a guje, kowa a ofishin ya yi hamdala.

Ba a ce in fita ba, ni ma ban tuna musu ba. Ina daga bayan kabad aka zo kan Auta. Ta fito a allon tsaf, fuskarta a sake, bayanta labulen falonmu da mamanta ta wanke jiya. Kwalbar maganin baya ta rufe mata rabin kafaɗa a nasu allon, ita ba ta sani ba. Ta amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba ta yi rawa ba. Ban taɓa jin alfahari da tausayi sun haɗu mini wuri guda kamar ranar ba, sai da na juya na yi kamar ina karanta kalandar bango.

A ƙarshe Shugaba ya kurɓi shayi ya ce, "Tambaya ta ƙarshe, kuma ita ce mai muhimmanci, don ma'aikatarmu ta zamani ce. Kin iya kwamfuta?"

Ta ce, "Ina ɗan taɓawa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To sai ki ƙara himma. Za ki ji daga gare mu ta imel."

Yanzu dai kwamfutar gidanmu lafiya lau, ba mai fili ba mai kwalba. Injiniya ya ce in kafa sharaɗi ga duk mai karatu: kada ka shiga akawun ɗinka a kwamfutar da ba taka ba, in kuwa ka shiga, kada ka tashi sai ka fita. Na isar. Mataimakina Na Musamman yana can ma'aikata tare da hotona, na ji an ce kwamitin da ke neman mai goge shi ya nemi ƙarin lokaci da mota.

Masu turo mini Allah ya isa kuma, ku yi haƙuri, ina gani, ba ni da yadda zan yi ne. Ni ma kullum da safe, kafin in ɗauki jarka in tafi layi, sai na buɗe wajen saƙonnin da na aika in duba ko na ɗauki 'yata aiki. Har yau ban ɗauke ta ba.