Darakta Ne Farko, Ko a Cikin Kwamfuta

Duk Abuja babu mai ladabi irin Injiniya Lukmanu, wanda 'yan ofis ke kira Sarkin Tsari. Mutum ne da ko lifta zai shiga sai ya tambayi matakin albashin waɗanda ke ciki. Ana ta ƙishin-ƙishin za a ba shi kujerar shugaban sashen kwamfuta a hukumarsu, shi kuwa har ya ɗinka babbar rigar rantsuwa.

Abu ɗaya ya rage, ya nuna wa Darakta da baƙinsa sabuwar manhajar hutun ma'aikata da aka rubuta da harshen kwamfuta na C++.

A cikin manhajar akwai sassa uku, kowanne riƙe da abin da masana ke kira smart pointer, wato manunin da ke kai ka inda sashe yake: sashen Darakta, na Mataimaki, da na Masinja mai ɗauko bayanai. Ƙa'idar C++ ita ce, yadda ka jera su haka za a gina su. Sashen Darakta kuwa da an gina shi zai nemi Masinja, don haka aka sa Masinja a sama.

Sarkin Tsari ya gani, ya yi salati.

"Masinja a kan Darakta? A hukumar gwamnatin tarayya? Wannan ba kuskure ba ne, rashin tarbiyya ne."

Da hannunsa mai albarka ya mayar da kowa matsayinsa. Kwamfuta ta yi gargaɗi. Ya kashe gargaɗin, domin bai ga dalilin da injin da ba shi da ko takardar ɗaukar aiki zai yi wa babban jami'i gyara ba. Gwaji kuma na masu shakkar kansu ne.

Ranar nuni ya gyara hula, ya russuna.

"Ranka ya daɗe, ko a cikin kwamfuta kai ne farko. Ni na tabbatar da haka."

Ya danna. Sashen Darakta ya tashi da izza, ya miƙa hannu wajen Masinjan da ba a halitta ba tukuna, ya kife. Allo ya nuna inda aka faɗi, da suna ɓaro-ɓaro.

Darakta ya cire tabarau. "Wato ni ka sa na fara faɗuwa a gaban baƙi?"

Wata abokiyar aikinsa, Madam Prudence, aka ba kujerar. Injiniya kuwa yana nan yana bincike, so yake ya gano wane ne ubangidanta.