Takalman Marigayi a Ƙafar Dada

"Lafiya lau, sai gajiyar jiran miji marar amfani," in ji Dada, tun Hammajoda bai gama durƙusawa ba. "Tashi haka nan, kada gwiwar bokon ta karye a ce ni ce."

"Ni da na zo sakinki? Tsohuwar da haƙoranta ba su kai na jinjiri ba."

"Wadda ka biya wa sadaki ma ta tattara ta bar ka, balle ni da ka samu a ɓagas."

Ya yi dariya, amma maganar ta taɓa shi a inda yake ciwo. Dada kakarsa ce ta wajen uba. Tun yana goye take ce masa miji, shi kuma da ya iya magana ya fara ce mata mata. Wasan nasu ya fi na sauran jikoki zafi, saboda sunan marigayi mijinta aka sa masa. Shekara hamsin da biyu ta zauna da wancan Hammajodan ba ta taɓa furta sunansa ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Akwai wani mahauci a nan Ƙofar Ran da ake kira Hamma; shi ma "mai wuƙa" take ce masa. Jikan kuwa sai dai Ango.

Yau ba wasa kaɗai ya kawo shi ba. Kwana shida ke nan da matarsa Maimuna ta yi yaji zuwa gidansu a Tirwun. Ya tura abokai, ya tura kawunsa, duk an karɓe su da ruwan sanyi an sallame su. Mahaifinta ya ce Dada ce ta nemo auren, ita za ta zo da ƙafarta. In ba ta zo yau ba, gobe da safe gwaggon Maimuna za ta tafi da ita Jalingo, kuma ba wanda ya ce ga ranar dawowa. Dada ta ce za ta je, amma ba za ta shiga gidan surukai da tsohon takalmi ba. Shi ya sa ya biya ta kasuwar Wunti.

Ya ciro takalmin daga leda, ja mai ɗan ado a baki. Ta juya shi, ta shinshina, ta sa ƙafa. Yatsu uku suka shiga, sauran suka tsaya a waje.

"Na 'yar tsana ka sayo?"

"Lambarki ce. Da ita na sayo miki na salla kafin in tafi Malesiya."

"Shekara bakwai ke nan, Ango. Kai ma da ka tafi wuyanka kamar na zalɓe ne."

"To wa ya ce ki riƙa girma ta ƙasa kamar rogo?"

Sai a lokacin ya lura da abin da ta cire daga ƙafarta: takalman fata na marigayi, manya, masu cinyayyen dunduniyar hagu. Ya kuma lura a kan buzun marigayi take zaune, a ƙofar ɗakinsa, ta miƙe ƙafa ɗaya ta naɗe ɗaya. Rediyonsa na gefenta, ba ta kama kowace tasha ba, sai shuu take yi ƙasa-ƙasa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, tsakar gidan ya yi duhu kamar magariba, alhali azahar ba ta daɗe da wucewa ba.

Ta ce tun da takalmi bai shiga ba, tafiya ta fasu, sai dai in zai faɗa mata gaskiyar abin da ya kori yarinyar. Kawunsa ya ce wai fim ne, ita kuwa ba ta taɓa jin an yi yaji a kan majigi ba.

Ya gyara zama ya ba ta labari. Wani fim ne na ban dariya da soyayya, suka kalla a kwamfutarsa ranar Asabar da yamma. Miji da mata ne kullum cikin faɗa, sai wata safiya suka farka kowa a jikin ɗan'uwansa. Mijin ya rasa yadda ake ɗaura zane, ya ƙona abinci, ya ji yadda uwarsa take yi wa matar magana idan ba ya nan. Matar ta je ofishinsa ta ga yadda shugabansa yake wanke shi tas a gaban mutane. Daga ƙarshe suka koma jikinsu, suka rungumi juna suna kuka.

Dada ta tambaya a wane jikin suka riƙa yin alwala. Ya ce ba Musulmi ba ne. Ta ce ta gani.

Shi dai, da fim ya ƙare, ya yi wa Maimuna bayani irin na masu digiri: cewa irin waɗannan finafinan lalaci suke koya wa mutane, domin mata da miji ba sa bukatar tsafi, magana kawai suke bukata, kowa ya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa. Maimuna ta bari ya gama. Sannan ta ce ita da za ta farka a jikinsa, za ta yi wata guda ba wanda ya gane. Ta kwaikwayi yadda yake gyaran murya kafin ya yi ƙarya a waya, har ya ji kunya. Daga nan ta yi masa tambaya ɗaya.

"Ta ce, in na farka a jikinta gobe, wane magani zan fara sha da safe."

"Ka ce me?"

"Na ce ai lafiyarta ƙalau, wane magani kuma? Ashe wata biyu tana shan wasu ƙwayoyi. To me ya hana ta faɗa mini? Ni boka ne?"

Dada ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki goro, ta ɓare shi da farcen babban yatsa, ta jefa rabi a baki, ta sa rabi a bayan kunne. Ya tsura wa kunnen ido. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai ajiye goro a bayan kunne: marigayi kakansa.

"Masu fim ɗin nan a gidan nan suka ji labari," ta ce. "Mu muka fara."

"Ke da wa?"

"Ni da matata. Daren da ciwo ya tsananta, ta ce ita ta gaji, ni kuma ina da sauran aiki. Sai muka yi musanya. Ita aka kai maƙabarta a jikina."

"Tsufa ya gama da ke. Bari in kira Baffa a nemo miki mai ruƙiyya."

"Ka ga gawar?"

Bai gani ba. Yana Malesiya aka yi rasuwar, shekara uku da suka wuce, a waya aka gaya masa. Ya ce to in haka ne, a ba shi gadonsa na shanu, tun da tsohon ya ƙi mutuwa ya ɓuya a cikin zane. Ta ce tsohon ya fi shi kyau ko a cikin zanen. Ya ce ai shi ya sa gemu ya fara fito mata. Ta shafa haɓarta a hankali, daga sama zuwa ƙasa, sau biyu, ba ta yi dariya ba.

Iska ta taso ta ɗaga asabarin ƙofar ɗakin. A ciki ya hango hular marigayi rataye a ƙusa, tana lilo. Kajin da ke tono a gindin rijiya suka shige akurki ba wanda ya kora su. Rediyon ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke.

Dada ta yi tari, busasshe, guda biyu a jere. Da ta sake magana, muryar ta sauka ƙasa, ta yi kauri, kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da nauyin Fillanci a kansu.

"Hammajoda."

Ya ja da baya kaɗan. Shekararsa talatin da ɗaya, bai taɓa jin sunan nan daga wannan bakin ba.

"Maraƙin nan na Gubi. Ka ɗaure shi a bakin ruwa da igiya mai zarge, ka tafi kallon masu kamun kifi. Na zo na same ka kana jijjiga shi. Na kwance igiyar na sa a aljihu. Na ce, share hawayenka, maciji ne. Daga yau har mu mutu, maciji ne."

Hammajoda ya ƙura mata ido. Yana ɗan shekara tara aka yi wannan, lokacin da shanunsu suke Gubi. Su biyu ne a wurin. Kakansa ya sa shi ya yi alkawari, shi ma ya yi masa, kuma har yau duk dangi sun san maciji ne ya kashe jan maraƙin. Ya dubi ƙofar zaure ya auna nisanta. Ya tuna ya karanta cewa tsofaffi sukan ɗauki ɗabi'un wanda suka rasa, ya riƙe wannan tunanin da ƙarfi, amma tsoron bai tafi ba. Ya ji bakinsa yana karanta abin da ya sawwaƙa.

"Kaka?" ya ce, da irin muryar da yake kiran tsohon da ita yana yaro.

Ta bar shi a haka har aka fara yayyafi a kan kwano. Sannan kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata, irin tata ta kullum, siririya mai shiga kunne, har goro ya faɗo daga bayan kunnenta.

"Astagfirullah. Dubi mijin nawa. Digiri biyu, saura kaɗan ya jiƙa mini buzu."

"Ya gaya miki. Ya karya alkawari."

"Shi? Da ya gaya mini da ya haɗiye harshensa." Ta share hawayen dariya da bakin mayafi. Ta ce ita ta wanke rigar ranar, ta tarar da jiƙaƙƙiyar igiya a aljihu da gashin maraƙi a jikinta. Ita ta ga wuyan maraƙin kafin a binne shi. Ita ta ga yaron da ya fi kowa son kindirmo ya yi wata guda ba ya kallon ƙwarya. Ba wanda ya faɗa mata komai, ita ma ba ta faɗa wa kowa ba.

"To kalmomin fa? Haka ya faɗe su, ko ɗaya ba ki canza ba."

"Shekara hamsin da biyu, Ango. In ban san abin da zai ce wa yaro mai kuka ba, me na zauna yi?"

Ya sauke ido ƙasa. Ta ɗaga ƙafarta ta nuna masa: a kumbure take tun daga idon sawu, shekara biyu ke nan, shi ya sa ba abin da ke shigarta sai takalman marigayi. Sau nawa ya zo gidan nan tun da ya dawo? Kullum sai ya durƙusa a gaban ƙafar nan, bai taɓa ganinta ba.

Ta tambaye shi ko Maimuna tana cin miyar da ta dafa a 'yan kwanakin nan. Ya yi tunani, ya ce ta fi son ta sha gari da tsamiya. Ko ta daina shafa turaren da ya sayo mata? Ta daina, har ya ji haushi. Barcin rana fa? Kullum sai ta yi, shi kuwa ya ɗauka lalaci ne.

"Ƙwayoyin ƙarin jini ne, na asibiti," in ji Dada. "Ni tun ranar sunan gidan Baffanka na gani, daga yadda ta zauna. Cikin fari ne, sakarai. Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki ta gaya wa miji? Ta ajiye maganin a inda za ka gani, wata biyu tana jira."

A kan firji yake, kusa da makullin ofishinsa. Kullum da safe sai ya ture shi gefe ya ɗauki makulli. Ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Na faɗi, uwargida. Kin kayar da ni. Sakin ma na janye."

"Wa ya ce ina so a janye?"

Ta miƙa hannu bayan buzu ta jawo wani ƙulli a tsumma, ta jefa masa a cinya. Tsamiya ce, sabuwa, an ɓare an cire ƙwallo. Ashe tun safe ta shirya. Ta ce idan sun isa, ita za ta ji da uban. Shi kuwa ya miƙa wa Maimuna wannan da hannunsa, kada ya yi bayani, kada ya yi lacca, kada ya ambaci fim. Za ta gane ya gane. Jan takalmin kuma ya ajiye, in an haifi mace ta sa idan ta shekara goma.

Ya taimaka mata ta miƙe. Ta zura ƙafa cikin takalman fata, ta ɗauki sandar da ke jingine da bango. Yayyafin ya tsaya, amma garin bai washe ba. A zaure ya kasa haƙuri.

"Amma dai yau na ji sunana a bakinki. Sai na gaya wa duk dangi."

Ta tsaya ta juyo. Babu wasa a fuskarta ko kaɗan, sai mamaki.

"Wane suna?"

"Da kika ce..."

"Ango, ka kiyaye ni. Bakina bai taɓa ba, kuma ba zai taɓa ba har a rufe ni. Je ka tsayar mana da keke."

Ya jira dariyar, ba ta zo ba. Ya wuce gaba cikin lungu da ƙullin tsamiya a hannu. A bayansa yana jin sanda tana dukan ƙasa, da dunduniyar hagu tana ja a hankali. Bai waiwaya ba har suka kai bakin titi.